Ba kowane kisa ne na ganganci ba, dan Allah a riƙa bambancewa a labarun kotu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maku fatan alheri da ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Na daɗe ina son rubuto wannan wasiƙa sai in ɗauki waya in ajiye, amma yau dai na ce sai na yi, domin abin ya ishe ni. Kusan duk sanda jarida ta kawo labarin cewa kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin rataya ta mayar da shi ɗaurin shekaru, kafin ka karanta layi biyu mutane sun gama yanke nasu hukuncin, wai an ci kuɗi, wai alƙalai sun sayar da jinin talaka, wai wanda ya kashe kawai a kashe shi meye na wani afil. Ni kuma na yi shekaru ina aikin tafinta a kotu, na zauna tsakanin wanda ake tuhuma da alƙali ina juya magana daga Hausa zuwa Turanci daga Turanci zuwa Hausa, kuma wallahi abin da na gani ya nuna min cewa rabin wannan hayaniya rashin bayani ne ya kawo ta, ba laifin mutane ba ne, ba a faɗa masu ba ne.

Matsalar daga bakinmu ta fara. Mu da Hausa komai kisan kai muke cewa. Wanda ya yi wata guda yana shiri ya sayi guba ya zuba wa mutum, kisan kai. Wanda faɗa ya kaure tsakaninsa da abokinsa ya ɗauki sanda ya maka masa sau ɗaya tsautsayi ya gifta, kisan kai. Direban da ya yi gudun ganganci ya take yaro, shi ma kisan kai. To doka ba haka take kallon su ba, kuma ba yau ta fara ba. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa tun 1960, ta fara ne da sashe na 220 inda ta bayyana kisan da mutum ke da alhaki a kansa gaba ɗaya, sannan ta raba shi gida biyu. Sashe na 221 shi ne wanda hukuncinsa kisa, wato ka yi abin da nufin kashewa, ko kuma ka san cewa ko ya kamata ka san cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo baya, ba wai kawai tana iya yiwuwa ba. Sashe na 222 kuma shi ne kisan da hukuncinsa ba kisa ba, sai sashe na 224 ya ce za a iya yin ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka ko tara ko a haɗa. A Kudu da suke amfani da Kiriminal Kod sunayen ne suka bambanta, can ne ake da wannan kalma ta mada, wato kisan ganganci, da yaranmu suka ara suna cewa kes ɗin mada, amma rabon gida biyun nan yana nan. Wasu jihohin kamar Kaduna sun sake rubuta dokarsu lambobin sassan sun canza, asalin maganar dai ɗaya ce.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, idan alƙali ya samu mutum da laifi a ƙarƙashin 221 ba shi da wani zaɓi, hannunsa a ɗaure yake, dole ya ce rataya. Ko mutumin ya yi kuka, ko yana da 'ya'ya goma, ko bai taɓa laifi ba, lauya ya tashi ya roƙi sassauci, alƙali zai ji amma babu abin da zai iya ragewa. Kenan duk rayuwar mutum tana rataye ne a kan tambaya ɗaya, shin 221 ne ko 222. Wannan tambayar ce mafi yawan afil ke zuwa yi, ba wai ana cewa ba a mutu ba, ba kuma ana cewa ran wanda ya mutu banza ne ba.

Bari in ɗan tsaya a kan sashe na 222 ɗin nan don nan ne gizo ke saƙar. Akwai tunzurawa mai tsanani kuma ta ba-zata, wadda ta sa mutum ya fita hayyacinsa ya aikata kafin zuciyarsa ta sauka. Akwai wanda yake kare kansa ko dukiyarsa da gaskiya amma ya wuce gona da iri ba tare da ya shirya kisa ba. Akwai faɗan da ya tashi nan take cikin zafin rai, ba shiri, kuma wanda ya yi kisan bai yi amfani da wata dama ta zalunci ba bai kuma yi ta'asa ba. Akwai ma'aikacin gwamnati da ya wuce ikonsa yana ganin aikinsa yake yi. Har macen da ta kashe jaririnta da bai kai wata goma sha biyu ba saboda hankalinta ya taɓu dalilin haihuwa doka ta sa ta a nan, haka wanda ya yi sanadin mutuwa ta hanyar garaje ko sakaci. Kowanne a cikinsu laifi ne fa, ana ɗaure mutum a kai, wani ma ya ƙare rayuwarsa a gidan yari. Don haka in kun rubuta cewa kotu ta "wanke" mutum alhali rage masa ta yi daga rataya zuwa shekara ashirin, kun zalunci mai karatu kuma kun zuba wa dangin mamaci gishiri a miki, don za su ɗauka an sake shi ne ya tafi gida.

Maganar tunzurawa ita ce mutane suka fi yi wa mummunar fahimta ta ɓangare biyu. Wasu na ganin duk wanda aka ɓata wa rai yana da uzuri, a'a ba haka ba ne. Kotu tana duba shin abin da aka yi masa zai iya fitar da mutum mai hankali irinsa daga hayyacinsa, shin ya samu lokacin hucewa, shin martanin ya yi daidai da girman tunzurawar. Akwai wata shari'a da ta yi suna a Indiya, wadda dokarsu ta 1860 ita ce kakar tamu, don daga can aka kai ta Sudan, daga Sudan aka kawo mana. Wani hafsan sojan ruwa mai suna Nanavati a 1959 matarsa ta faɗa masa tana tare da wani abokinsa, sai ya kwashi matar da yara ya kai su silima, ya wuce jirginsu ya karɓo bindiga, ya je gidan mutumin a Bombay ya harbe shi. Jama'a suka yi ta tausaya masa, masu taimaka wa alƙali ma suka ce ba shi da laifi, amma babbar kotu ta ƙi, kotun ƙoli kuma a 1961 ta ce ai tsakanin jin labarin da harbin ya samu lokacin da zai huce, zuwa ɗauko bindiga shiri ne, don haka kisan ganganci ne. Kun ga ashe afil ba kullum sassauci yake kawowa ba.

Mu ma nan gida muna da tamu shari'ar da ta girgiza Arewa, ta Tsofo Gubba a 1947. Ya kashe mutumin da ke neman matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya wadda ba ta ɗaukar tunzurawa a matsayin abin da ke rage kisan ganganci, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin don a dokar Turawa abin da ya yi bai kai na rataya ba. Irin wannan cin karo tsakanin kotunan sarakuna da dokar Turawa yana cikin abin da ya sa gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin babban jojin Sudan Abu Rannat, aka fito da Final Kod. Na kawo wannan ne don masu cewa wai rarrabe kisa sabon yayi ne na lauyoyin zamani, a'a, kakanninmu sun yi wannan muhawara tun kafin a haifi yawancinmu.

Kuma wanda zai ce ai wannan duk boko ne, to ya buɗe Suratun Nisa'i aya ta 92 da ta 93, ai Allah da kansa ya raba kisan kuskure da na ganganci, na kuskure diyya da kaffara, na ganganci kuma ga ƙisasi a Baƙara aya ta 178 tare da buɗe wa dangi ƙofar yafiya. Malaman wasu mazhabobi har suka ƙara na uku a tsakiya, mai kama da ganganci, kamar wanda ya yi nufin duka da abin da bai saba kashewa ba sai aka mutu. Ban ce dokar nan da fiƙihu ɗaya suke ba, akwai bambanci sosai musamman wajen haƙƙin waliyyan jini, amma dukansu sun yarda niyya da yanayi abin dubawa ne kafin a ɗauki ran mutum. Mu ne kawai a bakin titi muke haɗa komai a tukunya ɗaya.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci min rai, wanda na gani da idona. Akwai wani saurayi da na yi wa tafinta, ba zan faɗi suna ko gari ba. Faɗa ya haɗa su da wani, aka yi kokawa, wancan ya fara kai masa duka, shi kuma ya rarumi icen da ke gefe ya buga masa sau ɗaya a kai, bayan kwana biyu mutumin ya rasu a asibiti. Yaron nan bai iya Turanci ba ko kaɗan. Da aka karanto sitatimen ɗinsa na caji ofis a kotu, abin da aka rubuta da Turanci ma'anarsa "na kashe shi don ya raina ni". Da na fassara masa sai ya zaro ido ya ce wallahi shi cewa ya yi "na buge shi don ya fara duka na, ban san zai mutu ba". Edita dubi tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu, ɗaya igiya ce ɗaya kuma ɗauri. Shi dai ya dangwala yatsa a takardar da bai san me ke ciki ba. Lauyan da aka ba shi kyauta ranar ya fara ganinsa, bai ma nemi a kawo wanda ya yi fassarar farko ba. Na koma gida ranar ban iya cin komai ba, har yau in na tuna fuskarsa lokacin da na juya masa kalmar rataya da Hausa, da bakina, sai jikina ya yi sanyi. Irin wannan kuskure in ba afil ba wa zai gyara shi? Shi ya sa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo maganar a ɗauki amsa laifi a bidiyo kuma a yi shi gaban lauya, abu ne mai kyau in da ana bi.

Mutane da yawa ba su san yadda afil ɗin ma yake tafiya ba, sun ɗauka sabuwar shari'a ake buɗewa ko kuma lauya ne ke zuwa ya ga alƙali a bayan fage. A ƙa'ida kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu, fayil ɗin abin da aka rubuta a kotun ƙasa take karantawa, alƙalai uku su zauna a kai, in an je kotun ƙoli kuma biyar. Suna duba ko mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku ba tare da kokwanto mai ma'ana ba, cewa mutum ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya yi sanadi, da cewa ya yi da niyya ko da sanin mutuwa ce za ta biyo baya. Suna duba irin makamin, da wurin da aka sara ko aka buga a jiki, da sau nawa, da abin da likita ya rubuta, da ko alƙalin farko ya duba duk kariyar da shaidu suka nuna ko da wanda ake tuhuma bai ambata ba. Wuƙa a wuya sau uku ba ɗaya take da mari ba, kowa ya san wannan. Kuma in kotu biyu suka haɗu a kan magana ɗaya da wuya kotun ƙoli ta taɓa, sai an nuna an yi kuskure babba. Wato cin afil ba wasa ba ne, da yawa korar su ake yi, sai dai waɗanda aka kora ba sa zama babban labari.

Tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa damar ɗaukaka ƙara kai tsaye ba sai ya nemi izini ba, sashe na 241 zuwa kotun ɗaukaka ƙara, na 233 zuwa kotun ƙoli. Kwana 90 ake da shi a matakin farko, kwana 30 a na biyu, in ya wuce sai an roƙi ƙarin lokaci. To talakan da ke ɗakin 'yan jiran rataya, wanda danginsa suka sayar da abin da suke da shi tun a shari'ar farko, wa zai faɗa masa kwana 90 na tafiya? Wa zai biya kuɗin haɗa fayil? Hukumar ba da agajin lauyoyi tana nan tun 1976 amma lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙata ba. Yau sama da mutum dubu uku ne ke jiran hukuncin kisa a gidajen yarin ƙasar nan, gwamnoni kuma ba sa son sa hannu, sai mutum ya shekara goma sha yana jiran ranar da ba ta zuwa, shi bai mutu ba shi bai rayu ba, kuma ina da yaƙinin a cikinsu akwai waɗanda in da wani ya buɗe fayil ɗinsu da kyau 222 ne ba 221 ba. Mai kuɗi zai je har kotun ƙoli da manyan lauyoyi, wannan haƙƙinsa ne ban hana shi ba, damuwata ita ce talaka bai samu nasa haƙƙin ba. In za mu yi fushi to a nan ya kamata mu yi, ba a kan cewa akwai afil ba.

Ku tuna da Nasiru Bello a jihar Oyo, duk da shi fashi ne aka kama shi da shi ba kisa ba. An zartar masa da hukuncin kisa a 1981 alhali afil ɗinsa na gaban kotu ba a saurara ba, danginsa suka bi har kotun ƙoli, a 1986 ta ce abin da gwamnati ta yi haramun ne a doka. An ba su diyya, amma shi fa ya riga ya tafi. Ɗauri ana iya buɗe ƙofa a ce yi haƙuri mun yi kuskure, igiya ba a kwance ta.

Kada wani ya ɗauka ina kare masu kisa ne. Na ga iyayen da aka kashe wa ɗa suna zuwa kotu shekara da shekaru, uwa ta zauna a benci tun safe a ce an ɗaga zama, ta tashi tana share hawaye da gefen mayafi, wallahi wannan ma zalunci ne kuma jinkirin afil yana ƙara masu ciwo. Akwai kisan da babu wata tunzurawa ko kuskure a cikinsa, kamar abin da aka yi wa yarinya Hanifa a Kano wanda kotu ta yanke hukuncin kisa a kai a 2022, wannan shiri ne aka zauna aka yi, babu mai hankalin da zai nemi sa shi a sashe na 222. Kuma wani lokacin ita gwamnati ce ke ɗaukaka ƙara don a ƙara hukunci. A Afirka ta Kudu ɗan tseren nan Oscar Pistorius da ya harbe budurwarsa ta bayan ƙofar banɗaki a 2013, kotun farko ta ce kisan sakaci ne ta ba shi shekara biyar, masu gabatar da ƙara suka yi afil, a 2015 kotun sama ta ce wanda ya yi harbi huɗu cikin ɗan ƙaramin ɗaki ya san zai iya kashe duk wanda ke ciki, ta mayar da shi kisan kai cikakke, daga baya a 2017 aka kai ɗaurin shekara 13 da wata biyar. Ƙofar da ke ceton wanda aka tsananta wa ita ce dai ke kamo wanda aka yi wa sakwa-sakwa.

Don haka roƙona gare ku Edita, wakilanku na kotu su riƙa tambayar rajistara ko lauyoyi a ƙarƙashin wane sashe aka yi tuhuma kuma a wanne aka yanke hukunci, su rubuta shi a labarin. Su bambanta an sallame shi an wanke shi, da an rage laifin, da an ce a sake shari'ar daga farko, da kuma afuwar gwamna ko shugaban ƙasa wadda ita ba hukuncin kotu ba ce sam, iko ne daban da tsarin mulki ya ba su a sashe na 212 da na 175. In kotu ta rage hukunci a kawo mana dalilin da alƙalai suka bayar ko da layi uku ne, in akwai alƙalin da ya saɓa wa sauran a faɗa. Kanun labari ma a riƙa cewa kisan ganganci ko kisan da ba na ganganci ba maimakon kisan kai kawai. In da hali kuma ku ware wani ɗan fili ko sau ɗaya a wata ku gayyato lauya da malamin fiƙihu su yi wa mutane bayani da Hausa, a sa har da inda dangin wanda aka yanke wa hukunci za su je neman lauyan kyauta kafin kwana 90 ɗin nan su cika.

Na gode da ba ni fili. Allah ya kare mu daga tsautsayi da aikin zuciya, ya jiƙan waɗanda aka kashe ya ba iyalansu haƙuri.

Wassalam,
Naku, tsohon tafintan kotu kuma mai karanta jaridarku.